Tambayoyin da Rediyo Bai Ji Ba

Takardun gayyata biyu ne suka iso shagon ɗab'in a mako guda, kuma kamar da gangan, tarukan biyu rana ɗaya za a buɗe su, kowanne a garinsa. Mai shagon, wanda abokan sana'a ke kira Rediyo, ya shimfiɗa su a kan teburin yanka, ya murza kowacce tsakanin yatsunsa, ya ɗaga ta ya haska a taga, ya kai ta hanci. Haka masu ɗab'i suke, sai sun gama shinshina takarda sannan su tuna akwai rubutu a kanta.

Matarsa tana kusurwarta da allura a hannu, tana ɗinke littattafan makaranta. Tun farkon aurensu ita ke ɗinki da manna bango, kuma da yake ko ƙusa ba ta shiga shagon ba da saninta ba, sai ya sa mata suna Manaja, sunan ya bi ta har gida. Ta riga shi karanta takardun. Ta farko ta baje kolin injuna ce, a wani ƙaton zaure inda kamfanoni ke kunna sababbin injuna su yi ta ruri tun safe har yamma. Ta biyu kuwa ta taron masu ɗab'i ce na shekara-shekara, wanda Rediyo bai taɓa fashin zuwa ba. Bana har sun roƙe shi ya hau dandamali cikin dattawan sana'a, matasa su yi tambaya, dattawa su amsa.

"Baje kolin zan je," ya ce, da murya mai ƙarfi fiye da yadda ɗakin ke buƙata. "Gani ya kori ji. Ina so in ga injin yankan nan da ake ta surutu a kansa."

Manaja ba ta ɗaga kai ba. Injin yankansu lafiyarsa ƙalau, jiya ma ya wasa wuƙarsa yana yabonsa. Ta san ainihin dalilin, kuma dalilin ya soke ta a ƙirji. Inda injuna ke ruri kowa kurma ne, ba mai gane wanda bai ji ba.

Ba a banza aka sa masa Rediyo ba. Mutum ne da in ya buɗe baki da safe, sai barci ke kashe shi. In ya dawo daga taron shekara, yakan shigo da jaka cike da samfurin takardu na tsarabarta, da labarin da zai ishe su mako guda: wane ya yi barci a kujera har da minshari, wane ya zo da sabuwar hula ta fi ƙarfin kansa, kuma kowa sai ya kwaikwayi muryarsa. Sau nawa ta ce masa, "Malam, don Allah a rage sauti, kunnena ya gaji." To, ga shi an rage, har an kusa kashewa.

Abin a hankali ya zo. A shago ba wanda ya lura, domin in babban injin ya tashi ko kai da kanka ba ka jin muryarka, tuntuni su biyun da hannu suke magana. Murza yatsa biyu, takarda ke nan. Shafa tafin hannu, tawada. Hannu a kwance yana sauka, a rage gudu. Dunƙule hannu, a tsaya. Kowace safiya kuma, in ta gama jera takarda a bakin injin, takan bugi ƙirjinta sau biyu ta nuna masa makunni, ma'ana kunna, ina nan. A gida ne asiri ya soma tonuwa. Za ta kira shi daga kicin har ta gaji, yana zaune da bayansa gare ta. In masu kawo aiki suka yi barkwanci, dariyarsa takan zo a makare, bayan ya ga kowa ya yi. Sannan ta ga ya daina karkata kai ya saurari injin yadda ya saba, sai dai ya ɗora tafinsa a jikin ƙarfen, ya rufe ido, ya ji tafiyarsa ta hannu.

Autarsu da ke aure a nesa ta aiko masa da 'yar na'urar da ake saƙalawa a kunne. Ya juya ta, ya yaba akwatinta, ya jefa ta aljihun tebur cikin ƙusoshi. "Kunnena ƙalau," ya ce. "Ku ne kuka koyi magana cikin hanci." Daga nan ba wanda ya sake tayar da zancen. Amma wanda ba ya jin amsa, kunyar fara magana yake yi, don haka surutun ya yi ta janyewa. Bara da ya dawo daga taro, jakar kawai ya miƙa mata. Ta tambaye shi yaya taro, ya ce lafiya lau, ya kwanta. Ranar Manaja ta zauna da jakar a cinya ta yi kuka, ita da ta yi shekara da shekaru tana roƙon a yi mata shiru. Ta tabbata in ya guje wa mutanensa bana, ba zai sake komawa ba, kuma mijin da ta sani ya tafi ke nan ko da yana zaune a gabanta.

Ta ciji zaren ta tsinke shi, ta tashi, ta zo ta tsaya inda zai ga bakinta.

"Malam, alkawari kaya ne."

"Wane alkawari kuma?"

"Duk shekara in za ka fita da jakarka, me kake ce mini? Baɗi da ke za mu. To, baɗin ya zo." Ta ɗora yatsa a kan takarda ta biyu. "Nan nake so. Akwai zama na musamman a kan ɗinkin littafi. Ni me zan yi da kallon ƙarafa?"

"Shagon fa?"

"A rufe shi."

"Ba a taɓa rufe shi ba."

"Ni ma ba a taɓa fita da ni ba."

Ya daɗe yana kallonta. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma abin da ta gani a tasa tsoro ne tsagwaronsa, irin wanda ba ta taɓa gani ba ko ranar da wuƙar yanka ta kusa raba shi da yatsa. Da ya yi magana, muryar ta sauka ƙasa sosai.

"Tambayoyi za su yi mini, Manaja. A gaban kowa."

Ba ta amsa da baki ba. Ta bugi ƙirjinta sau biyu, ta nuna takardar. Ya sauke ido, ya ɗauki ta baje kolin, ya ninke ta, ya sa a ƙarƙashin ƙafar teburin da ke girgiɗi.

Ranar tafiya suka rasa abin da za su liƙa a ƙofa. Shagon da ya buga wa rabin unguwa sanarwa, tasa sanarwar da biro aka rubuta ta a bayan kwali, kuma layin ya karkace. A mota ya ba ta kujerar taga. Ta yi ta kallon allunan talla na bakin hanya, shi kuma yana nuna mata waɗanda jansu ya koɗe, yana girgiza kai.

Zauren taron ya ba ta dariya tun daga ƙofa. Manyan mutane cikin kaya masu tsada, kowa an miƙa masa tsarin taro, kuma kowa sai ya juya bayansa, ya murza, ya kai hanci. Ashe ba mijinta kaɗai ke da wannan ciwon ba. Aka rataya musu katin suna a wuya. Ta duba nata, ta ga a wurin muƙami ya sa an rubuta Manaja, da manyan baƙaƙe. Ta harare shi, ya ɗauke kai yana ɓoye murmushi.

Gaisuwa ba ta ba shi wahala ba, domin gaisuwa ba ta buƙatar kunne, kowa ya san abin da ke bin wani. Ya gida, ya aiki, ya gajiyar hanya, duk ya amsa su a kan layi. Can sai ga wani tsoho mai ƙiba ya taho yana buɗe hannuwa, Mai Hatimi, abokinsa tun suna koyon aiki.

"Rediyo, yau da amarya aka zo?" in ji Mai Hatimi, da muryar da ta sa mutane waiwayowa. Ya juyo gare ta. "Sannu da haƙuri, matarmu. Yaya kike barci da wannan tasha a gida?"

"An saba," ta ce.

"Na'am, na'am, haka ne," in ji Mai Hatimi yana gyaɗa kai, alhali ba ta ga alamar amsarta ta isa gare shi ba.

Zaman ɗinki da safe aka yi shi. Ta shiga a ɗarare, ta zauna a baya, sai ta tarar da mata irinta sun kai goma, masu kanta a yatsun hannu daidai inda nata yake. Wata matashiya ta nuna musu wani ƙulli da ke ɓoye bakin zare a cikin gindin littafi, Manaja ta gwada, ta kuskure, ta sake, ya zauna. Daɗi ya kama ta kamar yarinya. Da ta fito tana son nuna wa mijinta, ta hango shi a bakin baranda cikin da'irar abokai, kowa na magana, shi yana riƙe da kofin shayi yana bin bakunansu da ido ɗaya bayan ɗaya. Farin cikin ya sauka, ta sa zaren a jaka.

Bayan abincin rana aka kira dattawa kan dandamali. Su huɗu ne, an sa Rediyo a gefe, Mai Hatimi kusa da shi. Manaja ta riga kowa shiga ta kama kujerar layin gaba da ke daidai saitinsa, ta ɗora jakarta a cinya, ta ɗora hannuwanta a kan jakar. Da Rediyo ya zauna, bai nemi kowa da ido ba sai ita.

Wani saurayi ya tashi da makirfo, ya ce tambayarsa ga Baba Rediyo take. Takardunsa suna manne wa juna in damina ta yi nisa, injin yana jan biyu-biyu, me zai yi? Manaja ta murza yatsa biyu, ta kaɗa yatsunta ƙasa kamar yayyafi, ta haɗa tafukanta ta matse. Rediyo ya gyara zama.

"Ɗana, takarda baƙuwa ce," ya ce. "Ba a sauke baƙo daga mota a ce ya kama aiki. Ka kwance ta, ka bar ta ta kwana a ɗakin da injin yake, ta sha iskar da yake sha. Da safe ka kama gefenta ka fifita ta, iska ta ratsa tsakani. Kuma ka ɗaga ta daga ƙasa, siminti ba abokin takarda ba ne."

Aka tafa. Wani ya tambayi tawadar da ke ƙin bushewa. Ta shafa tafinta, ta hura shi, ta girgiza kai. Ya amsa, har ya ƙara da labarin wani mai kalanda da ya tattara aikinsa jar tawada ba ta bushe ba, washegari duk watannin suka haɗu suka zama wata ɗaya. Zauren ya ɗauki dariya, kuma wannan karon dariyarsa ce ta riga ta kowa. Manaja ta ji idonta ya yi ruwa, ta kasa gogewa, don hannuwanta suna bakin aiki.

Sai wata budurwa ta miƙe daga tsakiya, siririya, da alamar baƙin tawada a gefen farcenta. Ta riƙe makirfon da hannu biyu.

"Baba, tambayata ba ta takarda ba ce. Ni ke tsayawa a bakin injin mahaifina. Kwanan nan in na tashi aiki, sai in ji wani ƙara a kunnena kamar kukan gyare, har in kwanta bai daina ba. Mahaifina ya ce sabo ne, zai wuce. Kai da ka daɗe a sana'ar, yana wucewa?"

Hannuwan Manaja suka tsaya cik. A duk maganar hannun da suka ƙirƙira, babu wannan. Rediyo yana kallonta yana jira, murmushin bai bar fuskarsa ba tukuna. Ta san za ta iya fitar da shi. Ta yi masa alamar rage gudu, ya yi jawabi mai daɗi a kan kada a matsa wa inji, mutane su ɗauka tsoho ne ya kewaye tambaya, a tafa a wuce. Mutuncinsa zai tsira. Amma yarinyar za ta koma bakin injin nan da kunnuwanta a buɗe, shi kuma zai koma gida da ɓoyonsa, ya ci gaba da shiru.

Ta ɗaga hannu, ta nuna yarinyar. Sannan ta taɓa kunnenta na dama, ta taɓa na hagu, ta nuna shi. Ta sauke hannuwan a cinya.

Murmushin ya tafi. Ya kalli yarinyar, ya kalli farcenta, ya sake kallon matarsa. Mai gabatarwa ya soma gyaran murya. Manaja ta ji kamar ta miƙa shi ga mahauta da hannunta, amma ba ta ɗauke ido ba. A hankali ta bugi ƙirjinta sau biyu.

Ya jawo makirfon kusa da bakinsa.

"'Yata, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ban ji tambayarki ba. Ban ji ta wancan yaron ba, ban ji ta mai tawada ba. Kunnena ga shi can a zaune a layin gaba, da jaka a cinya." Ya nuna Manaja, kawuna suka juyo, ita kuwa ta rasa inda za ta sa fuskarta. "Amma na gane zancen kunne kike yi. In ƙara kike ji in kin tashi aiki, ni ma na ji shi ina kamar shekarunki. Aka ce mini zai wuce. Ya wuce kuwa, ya tafi da sauran duka. Ki je a duba ki tun yanzu. Ki sayi abin toshe kunne, kada ki sake kunna inji babu shi. In mahaifinki ya yi gardama, ki ce ya zo ya kira sunana daga bayana, ya ga ko zan waiwayo."

Ba wanda ya tafa. Zauren ya yi tsit, yarinyar tana tsaye tana gyaɗa kai. Cikin wannan shirun ne Mai Hatimi ya karkato, ya kama hannun rigar Rediyo, ya tambaya da ƙarfinsa duka, kuma a bakin makirfo:

"Wai me ka ce ne?"

Dariya ta ɓarke har bango. Rediyo ya ga bakuna a buɗe, ya dubi Manaja, ta nuna masa Mai Hatimi ta taɓa kunne. Ya juya ya ƙura wa abokinsa ido.

"Kai ma?"

Mai Hatimi ya fahimci wannan ba sai an faɗa ba. Ya ɗaga kafaɗa. Dattijo na uku ya ɗaga hannu a hankali kamar ɗalibin da aka kama, sannan wasu furfura daga cikin zauren suka bi, nan ɗaya, can biyu. Shekara da shekaru ke nan suna haɗuwa, suna gyaɗa wa juna kai, kowa yana zaton shi kaɗai ne. Rediyo ya yi dariya har ya share hawaye da bayan hannu, kuma Manaja ba ta iya rantsewa cewa duk na dariya ne ba.

Da la'asar suka koma masauki. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan gado. Ya cire katin wuyansa, ya zauna a bakin gadon, ita tana haɗa shayi tana satar kallonsa, don har yanzu ba ta san ko ya yafe mata ba.

"Manaja," ya ce. "Abin nan da Auta ta aiko, yana cikin ƙusoshi ko?"

Ta buɗe jakarta ta ciro akwatin ta ajiye a gabansa. Ya kalle shi, ya kalle ta, ya girgiza kai. Suka saƙala, suka murɗa, suka bubbuga, ko motsi. Batirin ya gaji da jira ya mutu.

"Gobe ma saya," ta ce, tana nuna masa bakinta.

Ya ajiye na'urar. Ya juyo ya dube ta.

"Har yanzu kina 'yar waƙar nan in kina ɗinki? Wadda ba ta da kalmomi?"

Ta tsaya da cokali a hannu. Ba ta taɓa zaton ya san da ita ba. Tun tana amarya take yin ta cikin maƙogwaro, ƙasa-ƙasa, a ƙarƙashin surutunsa.

"Ina ganin wuyanki yana motsi," ya ce. "Ita na fara rasawa. Kafin muryar masu kawo aiki, kafin injin. Wata safiya na duba na ga kina yi, ni kuma ba abin da ya iso. Ranar ce na san abin ya zo, kuma na rasa bakin gaya miki."

Manaja ta ajiye cokalin. Ta zo ta zauna kusa da shi, ta ɗauki hannunsa, wannan tafin mai kaushi da tawada ta yi wa zane a kowace tsaga, ta ɗora shi a gefen wuyanta. Ta soma. Cikin maƙogwaro take yin waƙar, ƙasa-ƙasa. Ya rufe ido, ya karkata kai, daidai yadda yake yi a jikin injin da safe. Ta yi waƙar har ƙarshe, ta sake dawowa farko, bai ɗauke hannun ba.

"Injin nan tafiyarsa daidai," ya ce daga baya. "Ko ƙusa ɗaya ba ta kwance ba."

Ta buge masa hannu. Ya jawo filo ya jingina, ya miƙe ƙafafu, ya gyara murya irin gyaran da ta daɗe ba ta ji ba.

"Zauna sosai in ba ki labarin taron yau."

"Malam, ai ina wurin."

"Kina wurin, amma ba ki ji yadda zan faɗe shi ba. Kin dai ga hular Mai Hatimi ko? To, daga nan za mu fara."

Ya kumbura kumatu, ya ɗauko muryar Mai Hatimi da ƙarfin da ya sa ta tabbata maƙwabtan ɗaki suna ji. Ba ta ce a rage sauti ba. Ta naɗe ƙafafunta a kan gadon, ta juyo inda zai ga fuskarta, shayin kuma ya huce a kan tebur ba wanda ya tuna da shi.